Iya Taofeek a Falon Alhaji Hambali

"Mama ta ce ba za ta ba da ni ga mutumin da ba shi da kowa ba."

Ni'ima ce ta faɗi haka. Tana tsaye a soron gidansu da ke Kwaciri, ta juya wa Taufiƙ baya don kada ya ga idonta, amma muryarta ta riga ta tona ta. Tun safe take kuka.

Taufiƙ ya gyara zama a kan bencin baƙi.

"Ba ni da kowa kuma? To Alhaji Sharu fa? Tun ina ɗaukar dilar atamfa a ka a Kantin Kwari yake riƙe da ni, yau ga shi ya buɗe min shago. Gobe da kansa zai zo wajen Baba."

"Ta ce Alhaji Sharu ubangidanka ne, ba ubanka ba." Ta juyo, hawaye ya jiƙa gaban hijabinta. "Ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da ba shi da ko gwaggo ba. Ta ce ga Abdulrauf, ɗan yayanta, an san gidansu, an san kakanninsa, me zan yi da wanda ya faɗo daga sama?"

"Ke kuma me kika ce?"

"Na ce in ba kai ba, sai dai in tsufa a ɗakinta. Shi ne ta mare ni."

Ya miƙe zai matso, ta ɗaga masa hannu.

"Tsaya, ban gama ba. Jiya Abdulrauf ya zo. Sun daɗe a ɗaki da Mama, da ya fito yana ta dariya, wai yana da abin da zai nuna wa Baba gobe. Yaya Taufiƙ, me zai nuna?"

Taufiƙ ya kawar da ido. Ya ƙaƙalo murmushi.

"Mota mana. Me dillalin motoci yake da shi ban da mota?"

"Ka dube ni." Ta matso har yana jin ƙamshin humrarta. "In akwai wani abu, ni za ka gaya wa. Wallahi ko mene ne zan ɗauka, in dai daga bakinka na ji."

Ya dube ta. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya fasa.

"Babu komai, Ni'ima. Iyayena sun rasu ina yaro a wani ƙauye bayan Ningi. Kin sani."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta share fuska da gefen hijabi.

Shi kuwa ko hanyar Ningi bai sani ba.

A Sabon Gari aka haife shi, nan kusa, inda adaidaita sahu zai kai mutum kafin ya gama amsa waya. Sunansa na yanka Taofeek, ɗan Lateef da Muinat, Yarabawa Musulmi da kakanninsu suka zo Kano fataucin goro suka zauna. Ubansa mashaya gare shi. Ranar Juma'a ya sa babbar riga ya je masallaci, ya dawo ya buɗe firij. A makarantar Islamiyya da uwarsa ta kai shi a Fagge, babu yaron da yake kiransa da sunansa. Ɗan mai giya, haka suke ce masa, har malamin ma ya taɓa faɗa sau ɗaya, aji ya kwashe da dariya.

Da wannan kaɗai ne, da ya jure. Amma Lateef mutum ne mai saurin hannu, kuma a jikin Muinat hannun yake sauka. Ranar da Taofeek ya kawo ƙarfi ya shiga tsakani, uban ya fasa masa baki, ya watso masa kayansa tsakar titi. Ya kama zanen uwarsa yana roƙon ta zo su tafi tare. Ta ce ina za ta da ƙanwarsa Rofiat, yarinya ƙarama? Ta ce ya ba ubansa haƙuri.

Wannan kalmar ce bai yafe ba.

Ya bi fataken yadi zuwa Damagaram, ya yi shekaru a can. Da ya dawo Kano ya dawo da gemu, da Hausa tsantsa, da sabon suna, da labarin maraici da ya faɗa har shi ma ya kusa yarda da shi. Bai ƙara taka Sabon Gari ba. In wata mai saye ta shigo shago tana Yarabanci, sai ya saki baki kamar bai taɓa jin yaren ba, ya kira maƙwabcinsa ya yi masa tafinta.

Washegari bayan azahar falon Alhaji Hambali, mahaifin Ni'ima, ya cika da ƙamshin turaren wuta. Ba al'ada ba ce mai neman aure ya zauna a irin wannan zama, amma Alhaji ya ce tunda yaron ba shi da dangi, ya zo da kansa, yana son ya ji daga bakinsa. Taufiƙ ya zauna a ƙasa kan darduma cikin farar shadda, kansa a sunkuye. Alhaji Sharu yana kan kujera yana ta yabon amanarsa. Labulen ƙofar cikin gida yana ɗan motsi. Ya san Ni'ima da mahaifiyarta Hajiya Fanta suna bayansa.

Alhaji Hambali dogo ne, mai magana a hankali. Ya saurara har Alhaji Sharu ya kai aya, ya buɗe baki ke nan sai aka yi sallama.

Abdulrauf ne ya shigo, mukullin mota yana lilo a yatsansa.

"Baba, a gafarce ni. Na ga ana maganar aure babu dangin ango, shi ne na ce bari in taimaka." Ya waiwaya. "Iya, shigo."

Wata dattijuwa ta shigo. Ta sha buba da zane na leshi ruwan toka, wanda daga gani an daɗe da ninke shi a akwati, ta naɗa gwaggwaro, ta yafa mayafi a kai. Ta rungumo wata kular abinci da hannu biyu. Yatsunta sun yi baƙi da wutar murhu. Fuskarta cike da fara'a, idonta yana ta yawo cikin falon.

Sai ya sauka a kan Taufiƙ.

Ta kira shi da wani suna na yarensu, wanda take kiransa da shi tun yana goye. A hankali ta faɗa, kamar tana tsoron kada ya tashi ya gudu.

Taufiƙ ya ji falon yana juyawa da shi. Ta rame. Ta ƙanƙance. Haƙorinta na gaba ɗaya babu. Ƙafafunsa suka so su miƙe da kansu, ya danne su da hannu.

"Wannan Iya Muinat ce," in ji Abdulrauf, yana jan maganar don kowa ya ji. "Tana sayar da amala a Sabon Gari. Amma can babu mai kiranta Muinat, kowa Iya Taofeek yake ce mata, wato uwar Taofeek. Mijinta kuwa, duk mashayin da ke Kano ya san shagonsa. Na gaya mata ɗanta zai yi aure, yana son ta zo ta sa albarka. Kun gani, har girki ta yi wa surukai."

Daga bayan labule Hajiya Fanta ta saki salati da ƙarfi.

Alhaji Sharu ya juyo ya zuba wa Taufiƙ ido, bakinsa a buɗe.

Alhaji Hambali bai ɗaga murya ba.

"Taufiƙ, ka san wannan baiwar Allah?"

Ya ɗago. Uwarsa tana kallonsa, murmushin bai gama barin fuskarta ba. Ya kalli labule. Ya ga 'yan yatsun Ni'ima masu lalle sun damƙe gefensa.

"Ban san ta ba, Alhaji."

"Dube ta da kyau dai," in ji Abdulrauf.

"Na ce ban san ta ba." Muryarsa ta fito da ƙarfin da bai yi niyya ba, kuma da ya fara sai ya kasa tsayawa. "Alhaji, kowa ya san Abdulrauf yana neman abin da nake nema. Irin waɗannan matan, in aka ɗan cika musu hannu, kowa ma sai su ce ɗansu ne. Ni uwata ta rasu. Ina ni ina mai amala?"

Duk idanun falon suka koma kan dattijuwar.

Iya Muinat ta tsaya kamar an dasa ta. Murmushin ya zube a hankali. Ta kalli farar shaddarsa, ta kalli manyan da ke zaune, ta kalli yatsun nan masu lalle a jikin labule. Ta daɗe a kansu. Taufiƙ yana ganin lokacin da ta fahimci inda aka kawo ta da dalilin kawo ta.

Ta durƙusa a gaban Alhaji Hambali, ta ajiye kular a gefe.

"Alhaji, ka yi haƙuri." Hausarta ta fita sosai, sai dai karin harshen yana nan. "Idona ne. Hayaƙin itace ya cinye min ido. Daga bakin ƙofa na ɗauka shi ne. Yanzu da ya yi magana na ji ba shi ba ne. Wannan ba ɗana ba ne."

"Iya!" Abdulrauf ya daka tsawa. "Ba ke kika ce min kina zuwa Kwari ki tsaya bayan masu lemo kina leƙensa ba? Ba ke kika kwatanta min layin shagonsa ba?"

Maganar ta soki Taufiƙ a ƙirji. Bai taɓa ganinta ba. Ko sau ɗaya.

"Ina leƙen wani yaro ne mai kama da nawa," ta ce, idonta a ƙasa. "In na gan shi sai in ji sanyi. Nawa ya mutu."

"To me ya sa har yau ake ce miki Iya Taofeek?"

"Don yaro ya mutu ai ba a karɓe wa uwarsa suna, ɗan nan."

"A kawo Alƙur'ani ta dafa!"

"Abdulrauf." Alhaji Hambali ya miƙe tsaye. "A falona za ka rantsar da sa'ar uwarka? Ka je ka ɗauko tsohuwa mai makokin ɗa, ka yi mata ƙarya, ka sa ta sa kayan biki, don kawai ka kunyata wani? Fita."

"Baba, wallahi..."

"Na ce fita."

Ya fita yana huci, ya buga ƙofa har labule ya kaɗa.

Alhaji ya koma ya zauna, ya shafa gemunsa, ya dubi Alhaji Sharu.

"Abin da ya fi ba ni haushi, ko da ɗanta ne, sai me? Ni kakana daga Kukawa ya zo garin nan, ko Hausa ba ya ji. Ƙanwata a Ilori take aure. In da yaron nan ya ce min ga uwata, amala take sayarwa, wallahi da na tashi na ba ta kujerata. In ya ce ubana giya ya sayar, in ce ai ba kai ka sayar ba. Ni hali nake dubawa." Ya juyo ga Taufiƙ. "An yi maka ƙazafi a gidana, ka yi haƙuri. Na ba ka Ni'ima. Bayan Babbar Salla a ɗaura."

Alhaji Sharu ya ɗaga hannu yana hamdala. Aka shafa fatiha. Taufiƙ ya ɗaga nasa hannun, amma bai san abin da bakinsa yake karantawa ba. Ta tsakanin yatsunsa ya ga Iya Muinat ma ta ɗaga nata hannun mai baƙaƙen yatsu.

Da aka shafa ta ɗauki kularta. Alhaji ya sa hannu a aljihu zai ba ta na mota, ta girgiza kai.

"Allah ya sa alheri," ta ce, ba ta kalli kowa ba. Ta fita.

Taufiƙ ya daure har aka fara rabon goro, sannan ya ce zai kama ruwa. Yana fita soro ya zura takalmi ya bi lungu da sassarfa.

A bakin titi ya same ta. Abdulrauf ya ja motarsa ya bar ta. Tana zaune a kan kwalbati, ta cire takalman bikin da suka matse ta ta ajiye a cinya, kular tana gefenta. Masu adaidaita suna wucewa suna mata oda, ba ta ko ɗago ba.

Ya waiga hagu, ya waiga dama, sannan ya ce, "Mami."

"Har yanzu waige kake," ta ce. Da Hausa ta faɗa. Tunda aka haife shi ba ta taɓa yi masa Hausa ba in su biyu ne.

Ya tsuguna. Ya fara magana da yaren da ya binne, kalmomin suna fitowa a karkace.

"Malam, ba na jin abin da kake faɗa," ta katse shi. "Yi Hausarka."

"Mami, ki yafe min. Tsoro ne. Bari a ɗaura auren, wallahi zan zo, zan gyara komai, zan ɗauke ki daga bakin murhu..."

"Ubanka ya rasu da azumin bara."

Ya dafe kai da hannu biyu.

"Ya daɗe da rufe shagon. Ɓarin jikinsa ya shanye, ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Da ciwon ya yi tsanani, sunanka kawai bakinsa yake iya faɗa. Rofiat ta ce za ta zo Kwari ta jawo ka ta wuyan riga. Na hana ta. Na ce yaron ya samu wuri ya zauna, ana ce masa Malam, kada mu je mu ɓata masa." Ta sa takalmi ɗaya a ƙafa, ta ciza leɓe don zafi. "Da aka yi bikinta, na ɗinka maka anko. Yana nan a akwati."

Hawaye ya ɓalle masa. Ya kai hannu zai kama ƙafarta, ta janye.

"Duk dukan da na sha a hannun ubanka, ban taɓa yin ƙarya don in rufa masa asiri ba. Yau na yi maka, a gaban manya, da furfurata. Da wannan yaron ya kawo Alƙur'anin, ban san abin da zan yi ba. Ina jin da na dafa." Ta sa ɗayan takalmin a ƙafa. "Shi ne abu na ƙarshe da nake da shi, na ba ka."

"Mami..."

"Kada ka zo. Ko ka ji na mutu kada ka zo, mutane za su gan ka, aurenka ya lalace. Mai amala tana da masu binne ta."

Ta ɗaga hannu, wani adaidaita ya tsaya. Ta ce Sabon Gari. Ta shiga ta ɗora kular a cinya, abincin surukai ko buɗe shi ba a yi ba. Ya tsaya yana kallon gwaggwaronta ta tagar baya har cunkoson Fagge ya haɗiye su. Ba ta waiwayo ba.

Da ya juyo, Ni'ima tana tsaye a bakin lungu, ta jingina da bango. Ba kuka take ba. Da kuka take, da ya fi masa sauƙi.

"Tun yaushe kike nan?"

"Ba sai na ji komai ba. Tana shigowa na gane. Goshinku ɗaya, har yadda kuke riƙe baki in za ku yi kuka."

Ya matso, ya rage murya.

"Za ki gaya wa Baba?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Uwarka ta tafi da ƙafa a kumbure, ubanka ya mutu yana kiranka, tambayar da ta fara zuwa bakinka ke nan?"

"Ni'ima, saboda ke na yi. Na ji tsoron in rasa ki."

"Kada ka ɗora min. Wallahi kada ka ɗora min wannan kayan." Sai yanzu idonta ya kawo ruwa. "Ina bayan labule ina addu'a, ina cewa Allah ka sa ya tashi ya rungume ta. Na riga na shirya. Da Baba ya kore ka, da na fito na bi ku har Sabon Garin, in zauna in koyi tuƙa amalar. Sai na ji ka ce an cika mata hannu."

Ya sunkuyar da kai. Wani mai kura ya wuce tsakaninsu da jarkokin ruwa, ya yi musu sannu, babu wanda ya amsa.

"Ba zan faɗa ba," ta ce. "In na faɗa, ƙaryar da baiwar Allahn nan ta yi ta tashi a banza, ni kuma a miƙa ni ga wanda ya ja ta har nan don ya wulaƙanta ta. Na rasa wanda ya fi wani a cikinku. Baba ya riga ya furta, za a ɗaura. Zan shiga gidanka, in dafa maka, in gaishe ka da safe."

"Zan canja, Ni'ima. Ki ba ni lokaci."

"Amma ka sani," ta ci gaba kamar ba ta ji shi ba, "duk ranar da na haifa maka ɗa namiji, aka miƙo min shi, zan duba goshinsa. In irin naka ne, tun daga ranar zan fara jiran lokacin da zai kalle ni a gaban mutane ya ce bai san ni ba."

Ta gyara hijabinta ta shige lungu.

Ya tsaya shi kaɗai a bakin titi. Hanyar Sabon Gari tana damansa, adaidaita suna ta tsayawa suna tambayarsa ina za shi. In ya shiga ɗaya yanzu, zai cim mata kafin ta sauka.

"Taufiƙ!" Muryar Alhaji Sharu ce daga ƙofar gidan, cike da murna. "Ina angon yake ne? Zo mana, surukinka ya ce a yi wa iyayenka addu'a kafin mu tashi, Allah ya ji ƙansu!"

Ya share fuskarsa da hannun shadda. Ya karkaɗe ƙurar da ta kama gwiwarsa.

"Na'am, Alhaji," ya ce. "Ga ni nan zuwa."